Mun Yi Dariya, Mun Yi Fushi, Yaran Kuma Suna Kallo

 

Akwai wani abu da ke faruwa a gidajenmu da yawa bayan sallar isha'i, wanda sabo ya sa ba ma ganinsa. An kunna fim ɗin barkwanci na Hausa, an zauna a falo ko a tsakar gida, uba da uwa da yara. Sai ga wani ƙato ya fito da ɗaurin ƙirji, ya karya murya, ya riƙe ƙugu, yana tafa hannu yana rangwaɗa, yana tuƙa tuwo yana habaici. Gida ya kaure da dariya, har da mai riƙe ciki. Kafin a watse sai wayar maigida ta yi ƙara: an turo saƙo a zauren WhatsApp na unguwa cewa Turawa sun sake fitar da fim ɗin da zai koya wa yara luwaɗi da maɗigo. Nan take fuskar da ke dariya ta murtuke, aka yi Allah-wadai, aka tura saƙon zuwa zaure goma, aka kwanta. Yaron gidan mai shekara 14 ya ga dariyar, ya ga fushin, kuma ba wanda ya ce masa uffan a kan ko ɗaya. Ya shige ɗaki da wayarsa.

Ba mu ɗauko alƙalami don mu sake buɗe shari'ar luwaɗi da maɗigo ba. Haramcinsu sananne ne ga malamin da ya sauke Muhtasar da kuma yaron da ke biya Ahalari. Labarin mutanen Annabi Luɗu (AS) ya zo a surori da dama, kamar A'arafi da Hudu da Shu'ara'i, kuma mazhabobi ba su yi saɓani a kan haramcin ba. Abin da ya dame mu shi ne halinmu na 'yan kallo. Duk lokacin da fim ya kawo mana namiji mai ɗabi'ar mata, ko yara biyu masu jinsi ɗaya da aka ce suna son juna, ko mutumin da ba a iya tantance namiji ne ko mace, amsarmu ba ta wuce biyu: in namu ne mu yi dariya, in na waje ne mu yi fushi. Muna ganin amsoshin nan duka sun gaza abin da littattafanmu na fiƙihu suka koyar, har ma sun zama makami a hannun waɗanda muke cewa muna yaƙa.

Mu ɗauki abin da ya faru a Kenya. A shekarar 2018 wata darakta 'yar ƙasar, Wanuri Kahiu, ta fitar da fim mai suna Rafiki, labarin 'yan mata biyu a wata unguwa ta Nairobi, Kena da Ziki, waɗanda iyayensu maza ke takarar kujera ɗaya a zaɓen yankin, su kuma ƙawancensu ya rikiɗe ya zama soyayya. An zaɓi fim ɗin a bikin finafinai na Cannes a Faransa. A watan Afrilu hukumar tace finafinai ta Kenya, ƙarƙashin Ezekiel Mutua, ta haramta shi, bayan daraktar ta ƙi sauya ƙarshen labarin, wanda hukumar ta ga ya bar 'yan matan da kyakkyawan fata maimakon nadama. Daraktar ta garzaya kotu. A watan Satumba wata alƙaliyar babbar kotu, Wilfrida Okwany, ta ɗage haramcin na kwana bakwai kacal, ga manya kaɗai, domin fim ɗin ya cika sharaɗin shiga takarar lambar Oscar. A cikin makon nan gidajen silima na Nairobi suka cika maƙil, tikiti ya riƙa ƙarewa, aka ƙara lokutan nunawa, mutum sama da 6,500 suka kalla. Fim ɗin da mai yiwuwa da ya zo ya wuce a tsakanin 'yan boko ƙalilan, sai ga shi a bakin duniya. A ƙarshe ma ba shi Kenya ta aika takarar ba, wani ta aika mai suna Supa Modo, kuma a 2020 kotu ta tabbatar da haramcin. Amma a lokacin aikin gama ya gama.

Mafi yawan masu magana a kan Rafiki, masu yabo da masu suka, sun tsaya ne a kan sumba. Mu kuwa wurin da ya fi ba mu tsoro yana gaba. Akwai inda wata magulmaciyar unguwa ta tona asirin yaran, jama'a suka yi musu rubdugu, suka lakaɗa musu duka har jini ya fito, sannan aka kai waɗanda aka daka ofishin 'yan sanda, masu dukan kuwa kowa ya koma gidansa. Mai shirya fim ɗin ta san aikinta. Ta san matashin da ya tashi a gidan addini ba zai bar aƙidarsa don ya ga ana sumba ba, wataƙila ma ya kawar da kai. Amma in ya ga taron manya suna tattaka yarinya sa'ar ƙanwarsa da sunan kare tarbiyya, zuciyarsa za ta zaɓi ɓangare tun kafin hankalinsa ya yi magana, domin Allah Ya halicci zuciya da ƙin zalunci. Daga nan sai tausayin wadda aka daka ya zarce ya zama yarda da abin da ta aikata, mai kallon bai san inda ya tsallaka ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan finafinai haka ake gina su: a ba masoyan fuska da suna da uwa da burin karatu, a ba masu ƙin abin sanda da kumfar baki. Za mu iya cewa an yi mana ƙarya, kuma ta wani ɓangaren an yi. Sai dai duk wanda ya karanta abin da 'yan'uwanmu ke rubutawa a ƙarƙashin irin waɗannan labarai a Facebook, na a ƙona, a tsire, a gama da su a kan titi, zai ga marubucin fim ba sai ya wahalar da kansa wajen ƙirƙiro mugu ba. Mu muke rubuta masa shi.

Kada a ce wannan matsalar ƙasar da Kiristoci suka fi yawa ce. A Pakistan, inda Musulmi suka haura kashi 95 cikin 100, an yi irin wannan dambarwa a 2022 a kan fim ɗin Joyland na Saim Sadiq. Labarin Haidar ne, autan wani gida a birnin Lahore, mai aure, wanda ya sami aikin rawa a gidan wasa ya kamu da son Biba, ɗaya daga cikin mutanen da ake kira khwaja sira a can, jama'ar da ta haɗa mata-maza da waɗanda aka haifa maza suke rayuwar mata. Hukumomin tacewa sun ba fim ɗin izini, sai Sanata Mushtaq Ahmad Khan na Jama'atul Islami da wasu suka taso, gwamnati ta janye izinin a watan Nuwamba ana saura mako guda a fara nunawa. Bayan 'yan kwanaki wani kwamiti da Firaminista Shehbaz Sharif ya kafa ya mayar da izinin bayan an yanke wasu wurare, lardin Punjab kuma, inda Lahore take, ya ce shi bai yarda ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne Mumtaz, matar Haidar. Ita aka raba da aikinta aka zaunar a gida, ita miji ya juya wa baya tana ɗauke da ciki, ita ce kuma ta kashe kanta a ƙarshen labarin. Ga hujja a kwance ga duk Musulmin da ke son ya nuna abin da cin amanar aure ke haifarwa, da abin da zaluntar mace a gidan miji ke jawowa. Amma hayaniyar ta fi ƙarfi ne tun kafin yawancin mutanen ƙasar su san akwai wata Mumtaz a ciki.

Ba mu ce tacewa ba ta da amfani ba. Hukuma tana da haƙƙin ta tsare abin da ake haskawa a bainar jama'a, musamman abin da aka yi domin yara. Lokacin da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe suka hana nuna zanen yara na Lightyear a Yunin 2022 saboda sumbar mata biyu da aka saka a ciki, ko lokacin da ƙasashen yankin Gulf suka gargaɗi Netflix a Satumban shekarar, ba mu ga laifinsu ba. Amma ɗanmu ba a silima yake kallo ba. Wurin mai tura finafinai a bakin kasuwa yake zuwa da 'yan canjinsa, ko aboki ya tura masa a aji, ko ya tsinci guntun a TikTok. 'Yan matanmu masu bin finafinan Koriya sun san tsohon salon nan na yarinya ta yi shigar maza, saurayi ya kamu da sonta yana zaton namiji ce, ya yi ta fama da kansa, kamar yadda aka yi a Coffee Prince tun 2007. Daga baya asiri ya tonu ashe mace ce, kowa ya yi ajiyar zuciya, amma tambayar an riga an shuka ta. Babu hukumar da za ta bi wannan har ƙarƙashin bargo. In muka tsaya ga murnar an rufe silima a wata ƙasa, mun bar jaki muna dukan taiki. Sau nawa ma mu da kanmu muke tura guntun fim ɗin zuwa zaurukan dangi, da rubutun "ku ga abin da suke yi" a samansa? Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi kashedi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, kuma ya kamata mai turawa ya tambayi kansa ko kyakkyawar niyya ta hana abin isa wayar ƙaninsa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara da shekaru ɗan daudu yana cikin abin da ya fi saurin kawo dariya a finafinanmu. Tun zamanin kaset aka yi Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, Allah Ya jiƙansa, kuma bayansa an yi ta maimaita salon har ya gangaro zuwa gajerun bidiyoyin waya. Sai a 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ta sanar da hana finafinan da ke nuna daudu da daba. Dariyar nan tana da baki biyu kamar wuƙa. Ta ɗaya bakin, tana mayar da kwaikwayon mata abin wasa, alhali hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya kawo la'anta ga maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Wanda ya ɗaura zane a gaban kyamara don a biya shi, da gangan ya yi, kuma mu da muke dariya mu ne kasuwarsa. Ta ɗaya bakin kuma, wanda ba a cika kulawa da shi ba, tana sarar yaron da bai yi komai ba. A kusan kowace makaranta akwai yaron da Allah Ya yi shi da siririyar murya da sanyin jiki, bai son kokawa, ya fi sakewa a kusa da mahaifiyarsa. Washegarin fim ɗin, sunan ɗan wasan ake laƙa masa. A kwaikwayi tafiyarsa, a kira shi da sunan mace, wani malamin ma ya taya. Yaron da aka yi shekara biyar ana gaya masa shi ba namiji ba ne, aka kore shi daga cikin maza da dariya, ina ake so ya nufa? Akwai waɗanda ƙofarsu a buɗe take gare shi, kuma ba masallaci za su kai shi ba.

Magabatanmu ba su haɗa komai a kwando ɗaya kamar yadda muke yi ba. A Madina akwai mutanen da Larabawa ke kira mukhannasai, masu ɗabi'ar mata a magana da motsi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ɗaya daga cikinsu yana shiga gidan Ummu Salama (RA), kuma a ruwayar Nana A'isha (RA) matan Annabi suna ɗaukarsa a cikin waɗanda ba su da sha'awar mata. Ana nan, a lokacin yaƙin Ɗa'ifa, sai Annabi (SAW) ya ji shi yana siffanta wa ɗan'uwan Ummu Salama jikin 'yar Gailana, siffantawar wanda ya san abin da maza ke kallo. A nan ne ya hana shi shiga wurin mata. Mu lura: ba a kore shi tun farko don sanyin muryarsa ba, sai da abin da ya fito daga bakinsa ya nuna halinsa. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya raba irin waɗannan mutane gida biyu: wanda haka aka halicce shi bai ƙaƙalo ba, wannan babu zargi a kansa kuma babu zunubi, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wannan shi hadisin la'anta ya nufa. Ibn Hajar a Fathul Bari ya ƙara da cewa shi na farkon ma ana umartarsa ya yi ƙoƙarin rage abin sannu a hankali gwargwadon ikonsa. Sannu a hankali, in ji shi. Bai ce da bulala a filin taron makaranta ba. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud, wadda wasu malamai suka inganta wasu suka raunana, cewa an kawo wani da ya yi ƙunshin lalle a hannu da ƙafa irin na mata, Annabi (SAW) ya sa aka fitar da shi zuwa wani wuri da ake kira Naƙi'u, da aka nemi izinin kashe shi kuwa ya hana, saboda mai salla ne.

Sai kuma mata-maza, wanda fuƙaha'u ke kira khunsa, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili a ɗayan jinsin biyu ba. Wannan bai zaɓi komai ba, kuma bai shiga babin daudu ko luwaɗi ta kowace ƙofa ba. Ɗaliban da suka bi Lawwali da Sani har ƙarshe sun san da mas'alarsa Shehu Khalil ya rufe Muhtasar. An tsara alamomin da ake dubawa, kamar mafitar fitsari, da fitowar gemu ko nono ko jinin haila idan ya balaga. In alama ta rinjaya an gama, a bi da shi a kan wannan jinsin. In abin ya shige duhu, shi ne khunsa mushkil, sai a ba shi rabin gadon namiji da rabin gadon mace. Misali, mutum ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da khunsa ɗaya. In an ƙaddara shi namiji rabin dukiyar zai samu, in an ƙaddara shi mace kashi ɗaya cikin uku. Sai a haɗa a raba biyu, a kasa dukiyar gida 12, ɗan ya ɗauki 7 shi ya ɗauki 5. Malaman da suka zauna suka yi wannan lissafi ba dariya suke yi ba, kuma ba tsinuwa suke yi ba. Haƙƙin bawan Allah suke tsoron ya salwanta. Ko Kotun Shari'a ta Tarayya a Pakistan, lokacin da ta soke wasu sassa na dokar 2018 a watan Mayun 2023, waɗanda suka ba mutum damar zaɓar jinsinsa da bakinsa, ta bambanta wannan da lamarin khunsa. Mu kuwa a nan, iyaye kan ɓoye irin wannan jariri don tsoron bakin mutane har lokacin da ya kamata likita ya duba shi ya wuce, domin sun san me ake yi da irinsa a fim da kuma a majalisa.

Wani abin da fushinmu ya cinye ba mu ankara ba shi ne aminci. Sunan fim ɗin Kenya ma, rafiki, aboki yake nufi da Swahili, kuma asalinsa Larabci ne. A ƙasar Hausa aminai biyu kan taso daga masallacin Juma'a riƙe da hannun juna har bakin zaure, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Yarinya da babbar ƙawarta sukan yi anko, su yi wa juna kitso, ɗaya ta yi kuka ranar da aka kai ɗaya ɗakin miji. Yanzu samari sun fara sakin hannun juna, 'yan mata biyu da suka shaƙu a makarantar kwana kuma sai a fara yi musu kallon gefen ido. Idon fim ne muka ara muke kallon 'ya'yanmu da shi. Magana ɗaya daga bakin wadda suka yi faɗa da ita a kan bokiti ta isa a tara ɗalibai, a kira iyaye, a kori yarinya, labarin ya riga ta isa unguwa, ya kuma jira ta har ranar da aka zo neman aurenta. Ayoyi na 11 da 12 a Suratul Hujurat sun hana izgili da jifa da munanan laƙabi da mugun zato da bin diddigin asirin mutane, dukansu a jere. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa wanda ya kira wani ɗan luwaɗi ba tare da hujja ba shi ne ke shan haddin ƙazafi, bulala 80. Hujjar kuwa shaidu huɗu ne adalai a gaban alƙali. Da za a tsayar da wannan hukunci yau a kan masu sharhi a intanet, da hannun mai bulala ya gaji. A Janairun 2014, a Bauchi, taron jama'a ya yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu yayin da ake sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma, har aka dakatar da zaman. Masu jifan suna ganin shari'a suke karewa, alhali alƙalinta suka hana aiki.

Ya rage mu yi maganar da ta fi nauyi a baki. A cikin yaran da ke kallon waɗannan finafinai a ɓoye akwai wanda ba son sani ya kai shi ba. Wani abu yake ji a ransa game da ɗan ajinsu, bai kira shi ba, bai san sunansa ba, yana salla yana kuka a kansa. Wani kuma babba ne ya lalata shi tun yana ƙarami, a gida ko a makaranta, ya rasa wanda zai gaya wa. Addininmu yana da abin da zai ce wa wannan yaro. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko su furta, kuma wanda ya danne son ransa don tsoron Allah lada yake samu. Wanda ya faɗa ma ƙofar tuba ba ta rufe ba, kuma an umarce shi ya suturta kansa. Wanda aka yi wa fyaɗe kuwa shi aka zalunta. Amma daga bakin wa zai ji wannan? A falo ya ga abin da ake yi wa mai kama da shi, a waya ya karanta abin da kawunsa ya rubuta. Wuri ɗaya tak ya ga an kalli mai irin damuwarsa da fuskar rahama, shi ne a cikin fim ɗin da aka ce kada ya kalla, kuma fim ɗin bai bar shi haka ba, ya ba shi suna da tuta, ya ce masa abin da kake ji shi ne kai, addininka kuma maƙiyinka ne.

Mun san za a ce wannan sassauci ne, kuma da sassauci ɓarna ke shigowa. Tsoron yana da tushe, domin mun ga ƙasashen da aka faro da neman tausayi aka ƙare da hukunta mai cewa haram. Amma an taɓa kawo wa Annabi (SAW) wani mutum da aka sha yi wa bulala a kan giya, wani daga cikin jama'a ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar makamanciyarta ya gargaɗe su kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Giya ba ta halatta ba a ranar, haddin ma ba a ɗage ba. Abin da aka hana shi ne a tura mai laifi ya yanke ƙauna. Wanda ya ga sassauci a nan, ba da mu yake jayayya ba.

Abin da uba zai iya yi a daren nan ba shi da tsada. In ƙaton nan ya fito da zane, ya tsayar da fim ɗin ya tambayi yara me ya ba su dariya, ya gaya musu bambancin wanda ya ƙaƙalo da wanda aka halitta, ya kuma ja musu kunne cewa duk wanda ya laƙa wa ɗan ajinsu wannan suna zai gamu da shi. In maganar fim ɗin waje ta taso, ya faɗi hukuncin a fili ba tare da kunya ba, sannan ya faɗi ɗaya rabin: cewa taron da ya daki yaran nan shi ma ya saɓa wa Allah. Masu makarantun kwana su tuna umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10, wanda ke cikin Abu Dawud. Samar da gado ga kowane ɗalibi da babba mai amana a ɗakin kwana ya fi taron tozartawa bayan an yi ɓarna. Kowace Islamiyya kuma tana bukatar malami ko malama guda da yara suka tabbatar cewa abin da aka gaya musu ba zai fita ba.

Su kuma marubutan Kannywood, tunda an hana su tsohuwar hanyar neman dariya, ga labari nan a kwance a shafin ƙarshe na Muhtasar. Attajiri ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, ɗaya uwarsa ta ɓoye halittarsa shekara 20 tana ɗaura masa ɗankwali, ranar rabon gado kuma wan ya tona a gaban dangi don ya rage masa kaso. Alƙali ya sallami 'yan kallo daga zauren, ya aika a kira likita da ungozoma, ya sa magatakarda ya kasa dukiyar gida 12.